Rabon Ƙanena a Ƙetaren Kogi

Litinin, 5 ga Oktoba 1925, ƙarfe bakwai na safe

An hana ƙetare kogi daga yau. Saja Pennick ya manna sanarwar a jikin bishiyar mashiga, da Turanci da Sinanci. Akwai kuskure biyu a ɓangaren Sinancin. Ban gyara ba, ba aikina ba ne yanzu. Tun watan Yuni da masu jera haruffa suka ajiye aiki suka bi ayarin 'yan yaji zuwa Kanton, jaridarmu ta rufe, ni ma na bar birnin Hong Kong na dawo Mok Uk Wai wajen Inna.

A ƙetare, ɓangaren ƙasar Sin, 'yan sintirin yajin sun ƙara bukka ta biyu. Dokarsu ba ta canja ba: ko ganyen kabeji ba zai shigo ƙasar da Bature ke mulki ba. Na ƙirga su, su goma sha huɗu ne, shuɗin kaya, jan ƙyalle a damtse, bindiga uku, sauran sanduna. Ɗaya yana karkata kafaɗar hagu in yana tafiya, irin na marigayi Babanmu. Ƙanena ne.

Saura kwana ashirin da ɗaya a share kaburbura, namu kuwa suna kan tudun da ke ƙetare. Da aka zo shata iyaka kogi aka bi, ba a tambayi matattu ba. Za mu ƙetare. Magana ce ta takarda biyu, ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ni kuma shekara goma sha ɗaya ina aikin takarda.

Laraba, 7 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

An yi taro a zauren kakanni. Baffa na Uku, wanda ya fi kowa shekaru a zuri'ar Mok, ya ɗora hannu a kan littafin zuri'a ya dube ni.

"Bana ba zan kira sunan ƙanenka ba."

Kowace shekara mukan kai gasasshen alade kabarin kakanni, mu dawo da shi zaure, Baffa ya kira sunan kowane namiji mai rai a ba shi rabonsa. Wanda ya yi nisa, uwarsa ko matarsa ta karɓa. Mutum biyu ne ba a kira, matacce da korarre. Wanda aka tsallake sunansa, an goge shi daga littafi ke nan, in ya mutu ba shi da wuri a tudu.

Dalilin kowa ya sani. A watan jiya 'yan sintiri suka kama Hin-fuk, ɗan Baffa, da agwagi ashirin a kwale-kwale zai shigo da su nan. Suka tsayar da shi a rana daga safe har la'asar da allo a wuya. Ya taho da allon gida, yana nan jingine a zaure. "Karen Bature." Rubutun tsaf, kamar an buga a inji. Ni na koya wa hannun nan riƙon burushin rubutu.

Na ce, "Baffa, wa ya gan shi yana rubutawa?"

"Kai ɗan jarida, dubi allon nan ka ce mini ba ka ga komai ba."

Na duba. Na ce katakon mai kyau ne.

Hin-fuk ya ce, "Mai kyau! Yaya, wuyana ne ya ɗauke shi yini guda. Zo in ba ka labarin kyansa."

An yi dariya, ban da Baffa. Ba a goge suna sai ranar rabo, don haka ina da kwana goma sha tara. Sun isa.

Alhamis, 8 ga Oktoba, bayan abincin rana

Inna ta sa kwano uku. Mu biyu ne a gidan.

Asabar, 10 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya

Na je caji ofis. Saja yana magana da harshenmu kamar mai tauna tsakuwa, sai na juya masa Turanci don mu gama da wuri. Ba mugun mutum ba ne. Ya gaji, kuma yana tsoron a ce a hannunsa rigima ta tashi tsakanin ƙasa biyu. Na gaya masa hana mutum ɗari da ishirin gaida kakanninsu ya fi barinsu haɗari, kuma in jaridu suka dawo aiki labari ne da za su so. Ya fahimta.

Sharaɗinsa uku. A ba shi sunayen masu tafiya. A ƙetare bayan ƙarfe takwas, a dawo kafin huɗu. Na ukun ya faɗe shi yana kallon taga: in ya ji harbi daga can, ba zai tsaya tantance ɗan ƙauye da ɗan yaji ba.

Da na miƙe ya ce, "Kana da wani a can?"

Na ce, "Da yawa, ranka ya daɗe. Duk a kwance suke."

Takarda ta farko ta samu.

Talata, 13 ga Oktoba, ƙarfe uku

Na aika wa 'yan sintiri wasiƙa ta hannun Goggo Lin mai kwale-kwale. Ita kaɗai ɓangarorin biyu suka bari tana kai da kawowa, wai saboda saƙonni. Gaskiyar ita ce kowa yana tsoron bakinta. Ta dawo ta jefa mini amsar a cinya.

"Shugabansu, Shiu ɗin nan mai baƙin farce, ya ce ku zo. Aladen ma ya zo, in dai ba Bature ne ya haife shi ba. Amma ko ƙashi ba zai dawo ba."

"Goggo, a zaure ake rabo."

"To ka ɗauki zauren ka ƙetare da shi. Ni dai kwale-kwalena ba zai iya ba."

Amsar a rubuce take, layi biyar, babu kuskure ko ɗaya. Hannun da ke kan allo ne. Bai sa suna ba, bai ƙara kalma ɗaya a gefe ba. Na duba bayan takardar ma.

Alhamis, 15 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

An yi harbi a mashiga wajen ƙarfe biyu. Na ƙirga bakwai. 'Yan sanda sun ce daga can aka fara, Goggo Lin ta ce daga nan. Ɓauna ɗaya ta mutu, ba ta ɓangaren kowa.

Tsohon editanmu ba ya barin labari ya shiga inji sai da shaidu biyu da ba su yi magana da juna ba. A nan ina da biyu, kuma sun saɓa. Ba zan rubuta wanda ya fara ba.

Na ƙirga 'yan sintirin ƙetare. Sha uku.

Jumma'a, 16 ga Oktoba, safe

Sha uku.

Asabar, 17 ga Oktoba, safe

Sha huɗu. Kafaɗar hagu. Na ci kwano biyu na kunun shinkafa, har Inna ta tambaya ko lafiya.

Lahadi, 18 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na ari littafin zuri'a daga Baffa da cewa zan kwafi sunaye in kai wa Saja. Na kwafa. Daga nan na koma shafukan farko, waɗanda gara ta ci gefensu, ba mai karanta su domin kowa sunansa yake nema a baya.

Zauren nan kakan kakan Baffa ne ya gina shi. Kafin nan a tudu ake rabo, kuma an rubuta yadda ake yi. Ba a kiran suna. Duk namijin da ya sa hannu ya share kabari, ya durƙusa sau uku, babban zuri'a ya miƙa masa rabonsa, ya ci a nan, ba a sauko da komai. Wanda ya karɓa a tudu ɗan gida ne na wannan shekarar, babu mai tuhumarsa.

Na kai wa Baffa shafin. Ya karanta sau biyu da yatsa.

"Tun yaushe ka san da wannan?"

"Yau, Baffa."

"Ku 'ya'yan yayana, ɗaya yana jera haruffa, ɗaya yana jera mutane. Kana tsammanin ban ga inda ka dosa ba?"

Na ce ban dosa ko'ina ba. Nama ba zai dawo ba, ko dai a raba a tudu, ko bana kowa ya rasa, har shi.

Ya daɗe yana shafa gemu. "A tudu za a raba. Amma ka ji ni da kyau. In ya tsaya gaban kakanni da jan tsumman nan a hannu, hannuna ba zai miƙu ba."

Rabin aikin ya ƙare. Cire ƙyalle ai ba wani abu ba ne.

Alhamis, 22 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Ruwa ya janye sosai da safen nan, kogin bai fi taku ashirin ba a bayan gonar rake. Kwana uku ina zuwa duba raken da ba namu ba. Yau ƙanena ya sauko ɗiban ruwa a ɗaya gaɓar.

"Yaya! Har yanzu kana gyara wa Bature sanarwa?"

"Akwai kuskure biyu, na bar masa kayansa. Ka rame."

"Kai ka yi ƙiba. Shinkafar mulkin mallaka ta karɓe ka."

"Shinkafar Inna ce."

Ya ajiye bokitin. "Tana tari?"

"Tana sa kwano uku."

Na gaya masa batun tudu da sharaɗin Baffa. Ya taɓa damtsensa ya ce rantsuwa ya yi a kan ƙyallen, ba a cirewa a bakin aiki, ranar kuwa yana cikin masu raka mu. Na ce to me ya kai shi wulaƙanta ɗan baffansa?

"Agwagi ashirin, Yaya. Mutane sun bar aikinsu, 'ya'yansu suna cin abinci sau ɗaya a Kanton, shi yana kai wa otal ɗin Turawa agwagi. Hukuncinsa bulala arba'in ne. Ni na roƙa a mayar allo. Shiu ya ce to in rubuta da hannuna."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wa zan faɗa wa? Kogi?"

Wani ya kira shi daga bukka. Kafin in juya na ƙara faɗin wata magana. Ba mai muhimmanci ba ce.

Jumma'a, 23 ga Oktoba, azahar

Shaida ɗaya, kuma mai laifin ne da kansa. Na tambayi Goggo Lin ba tare da na gaya mata abin da na ji ba. Ta ce tana wurin, har an jiƙa bulalar. Biyu ke nan. Na sami Hin-fuk yana wanke aladen da za a gasa, na gaya masa.

Ya ce, "To da ya rubuta da mummunan hannu mana. Yini guda mutane suna tsayawa a gabana suna yaba rubutun."

Ban san ko ya gaya wa Baffa ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba, yamma

An gasa. Ƙamshi ya cika ƙauye. Inna ba za ta iya hawan tudu ba, ta cika mini kwandon turare da jan fenti na gyara rubutun kabari. Komai ya tsaru.

Litinin, 26 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta shi bi da bi.

Mun ƙetare ƙarfe takwas da kwata, kwale-kwale sahu tara. Saja yana tsaye da takarda a wannan gaɓa, Shiu yana tsaye da sanda a waccan, suna kallon juna ta saman kawunanmu. 'Yan sintiri sun soka tsinke a cikin aladen ko akwai kayan Bature. Baffa ya ce su bi a hankali, na kakanni ne, ba na ubansu ba. Shida suka raka mu tudu, har da Shiu. Ƙanena yana cikinsu, ƙyalle a damtse.

Ciyawa ta kai gwiwa. Muka shiga yanka. Shi yana tsaye a gefe, bai dube ni ba. Rana ta yi zafi, maza suka fara tuɓe riguna suna ratayewa a reshe, kamar kowace shekara.

Hin-fuk ne ya ɗaga lauje ya ce da ƙarfi, "Kai mai kyakkyawan rubutu! Kabarin ubanka ne wannan ko na maƙwabci? Ko sintiri ya hana ka sunkuyawa?"

Ƙanena ya dubi Shiu. Shiu ya ɗaga kafaɗa, shi ma yana da matattu a wani wuri. Sai ƙanena ya tuɓe rigarsa kamar kowa, ya ninke ta ya ɗora a dutse, ƙyallen yana manne a hannunta, ya karɓi laujen. Bai cire ƙyalle ba. Riga ya cire. Na dubi Baffa, Baffa yana nazarin wani gajimare.

Ƙanena ne ya bi rubutun kabarin Baba da jan fenti. Ba wanda ya yi musu a kan wannan.

Muka kunna turare, muka durƙusa sau uku bisa shekaru. Hin-fuk yana yanka, Baffa yana miƙawa. Da layi ya zo kan ƙanena Hin-fuk ya ce, "Wannan a ba shi wuya, ya san darajar wuya." Baffa ya riƙe naman a ganye ya fi yadda ya kamata daɗewa. Sannan ya miƙa. Ya karɓa da hannu biyu.

Aka zauna aka ci. An ba 'yan sintiri ma, a matsayin baƙi. Na ci nawa a gaban Shiu, har ya yi mini ba'a wai ɗan jarida ya iya cin abin da bai rubuta ba.

Ƙarfe uku da rabi muka sauko bakin ruwa. Suna duba kwanduna. A ƙarƙashin tokar turare, a kwandona, wani matashi ya zaro ƙunshin ganye.

Na ce nawa ne.

Shiu ya ce, "Naka kuma? A gabana ka lashe yatsa."

Na ce ragowa ce. Ya buɗe. Wuya ne, ba a ko gatsa ba.

Ƙanena ya fito daga layi. "Nawa ne. Na Inna ne."

Ba wanda ya motsa. A ƙetare 'yan sanda sun ga an yi cirko-cirko, na ga biyu sun sauke bindiga daga kafaɗa. Shiu ya ce a hankali, ɗan sintiri ya tsallaka abinci zuwa ƙasar Bature, ya san hukuncin, shi ya sha karanta wa wasu.

Baffa na Uku ya ratsa mutane da sandarsa, ya fizge ganyen daga hannun Shiu. Tsohon nan haƙori huɗu gare shi. Ya tsaya a bakin ruwa ya ci naman nan duka, fata da kitse, yana haɗiya da ƙyar, hawaye na zubo masa don wahala, mutum ɗari da ishirin da 'yan sanda da 'yan yaji suna kallo. Ya jefa ganyen a ƙasa.

"Me ya ƙetare? Nuna mini abin da ya ƙetare. Mok Hin-tat ɗan gidanmu ne, ya ba baffansa rabonsa, ina ruwan yajin aiki?"

Mok Hin-tat. Sunan ƙanena, ya faɗa kowa ya ji.

Shiu ya ce mu shiga kwale-kwale, huɗu ta kusa. Muna tsakiyar ruwa na ga an kwance wa ƙanena ƙyallen, mutum biyu sun sa shi a tsakiya sun nufi bayan bukkoki. Bai waiwayo ba. Ba a yi harbi ba. Saja ya ƙirga mu, mun cika.

Talata, 27 ga Oktoba, safe

Sha uku.

Talata, ƙarfe biyu

Ban ce ya saka naman a kwandona ba. Abin da na ce a bakin ruwa ranar Alhamis shi ne, tun mutuwar Baba rabon ƙanena a tukunyar Inna yake shiga, bana za ta duba. Shi ke nan abin da na ce. Na ji nauyin kwandon ya ɗan canja a tudu, amma toka ma tana da nauyi.

Laraba, 28 ga Oktoba, bayan abincin rana

Na ba Inna labarin duka, ban rage ba. Ta saurara har ƙarshe.

"Rabona da cin nama tun bara. Maƙwabta nake ba. Wa ya ce masa ina jira?"

Na ce ban sani ba.

Ta dube ni, ta kwashe kwanukan. Uku.

Jumma'a, 30 ga Oktoba, ƙarfe goma

Baffa ya kwana biyu da ciwon ciki, yau ya fito. Ya sa an cire allon daga zaure. Hin-fuk ya kai shi gida, wai zai yi wa agwagi ƙofa da shi. Na duba littafi. Sunan yana nan, ƙarƙashin nawa.

Na rubuta wa Shiu wasiƙa, layi ashirin, da hujjoji bi da bi: babu abincin da ya ƙetare, shaidu ɗari da ishirin, shugaban zuri'a ya cinye a ƙasar Sin. Ban taɓa rubuta abin da ya fi ta tsari ba. Dokarsu a rubuce take, kuma ina ganin suna bin ta. Za ta yi aiki.

Jita-jita uku ke yawo a kan ƙanena: an kai shi kotunsu a Kanton, an yi masa bulala, an kore shi ya tafi. Kowacce bakin mutum ɗaya ce, kuma ba wanda ya gani.

Lahadi, 1 ga Nuwamba, safe

Sha uku. Babu amsa.

Talata, 3 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Goggo Lin ta dawo ba takarda. Ta ce Shiu ya karanta wasiƙar, ya sa a aljihu, ya ce ɗan jarida ya iya magana. Ta ce da za ta taso ta hango wani a bayan bukka ta biyu yana ɗauke da itace, babu ƙyalle a damtsensa, yana tafiya da ƙafarsa, kafaɗar hagu a karkace.

Na ce ta ga fuskarsa?

"Na ce maka ta baya na gani. Kurma ne kai?"

Hin-fuk ya ce gobe tun safe zai tsaya a bayan gonar rake, idonsa ya fi nawa. Ban bari ya yi magana da Goggo ba.

Zuwa yanzu mutum ɗaya ne ya gani, kuma ta baya.